Jan Gicciye a Ƙofar Gidana

Mama,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafar taki? Yaya matata Dilcia da yara?

Ni lafiyata ƙalau. Na sayi gidan hutu a bakin teku a nan jihar Luwiziyana da arha, don guguwa ta ɗaiɗaita unguwar. Masu ceto sun zana jan gicciye a ƙofar, da lamba biyu a ƙasansa. Na ɗauka lambar gida ce.

Maƙwabcina, tsoho Guidry, ya ce, "Wace lambar gida, ɗan nan? Adadin gawarwakin da suka tarar a ciki ke nan."

Na shafe gicciyen da fenti. Jiya ya sake fitowa, lambar ta koma uku.

Kada ki damu, ina cin abinci sosai. Ki kunna min kyandir a coci. Dilcia ta dakata da kawo yaran tukuna.

Ɗanki,
Edgardo