Inna, Na Durƙusa Amma Ban Yi Shiru Ba

Assalamu alaikum Innata. Bayan gaisuwa da girmamawa, ɗiyarki Hadiza ce. Shekara biyu ke nan da rasuwarki, kuma yau ina da maganar da ke kaɗai nake so in gaya wa.

Na shiga kwalej a Illela. Ajinmu rumfar kara ce, kuma babu fanfo a lakwal ɗin, wato makarantar. Kullum da safe sai a tura mu, 'yan mata, ɗibar ruwa bayan kasuwa, maza suna zaune mushe, malaminmu, yana koya musu lissafi. Kafin mu dawo da jarkoki an share allo. Sau biyu ina faɗuwa lissafi. Baba ya ce in na maimaita aji, zaman gida ya kama ni.

Kin san halina, ko a gida sai kin ce, "Ɗaga murya, Hadiza, ba da tururuwa kike magana ba." Saboda wannan shirun ne surbeyan, mai kula da tarbiyyarmu, ya naɗa ni shugabar 'yan mata. Da kunnena na ji yana cewa ni ba zan ba shi wahala ba.

Ranar Litinin na ajiye jarka, na nufi buron darakta, ofishin shugaban makaranta. Na cire takalmi, na durƙusa kamar yadda kika koya mini. Na buɗe littafina na nuna masa shafukan lissafi, fari fat. Na ce masa ruwan nan kowa yana sha, don haka kowa ya ɗebo, kuma kafin a buga ƙararrawa. Ya ce in je, zai duba. Ban tashi ba. Na tambaye shi yaushe.

Ya daɗe yana kallon shafukan nan. Washegari ya tara lakwal duka a gindin tuta, ya karanta sabon tsarin ɗibar ruwa, da sunayen maza a ciki.

Surbeyan ya karɓe shugabancin, ya ba wata. Gwaggo Rabi ta ce na zubar da kunyar da kika bar mini. Ban yarda ba. Ban zagi kowa ba, ban ko ɗaga ido ba. Ke ce kika tsaya gaban mai gari ranar da shanu suka cinye mana wake, ina riƙe da zanenki. A hanyar gida kika ce mini, "Kunya ado ce, amma ba ta cika rumbu."

Su riƙe shugabancinsu. Yau na zauna a aji tun daga layin farko da mushe ya rubuta, kuma na gane shi, Inna. Har na ɗaga hannu.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki,
Hadiza