Lallena da man haidirolik

Juma'a da dare, Takur

Wallahi Yaya Sadik ya gama da ni. Yau ne kamun ƙawata Zainab a Jahun, tun jiya na sha lalle hannu da ƙafa, ina ta zana yadda zan fito daga mota a hankali kamar taurarin littattafaina, wataƙila ma wan amarya ya ɗago ya dube ni.

Ko layinmu ba mu fita ba Baba ya ji birki ya yi laushi, ya tsaya. Ashe da Yaya ya je gona Buji wancan satin, man birki ya yi ƙasa, sai ya ɗebi man haidirolik na tarakta ya zuba. Wai ai duk mai ne.

Da Malam Iro makanike ya zo, sai ya ce, "Sadik, kai ma a soya maka ƙosai da baƙin mai mana, tunda duk mai ne." Ya nuna mana robobin birkin, duk sun kumbura. Ya ce haidirolik cinye su yake, dole a wanke layin birkin gaba ɗaya a sa sababbi, kuma sai gobe za a samo su.

Ni aka zaunar a kujerar direba ina taka birki don a tsiyaye man, Malam Iro yana ba ni umarni. "Taka, Hafsa. Riƙe. Saki." Haka har magariba, cikin sabon leshina.

Umma ta ce mu gode wa Allah ba a kan titi ba ne. Na sani, na gode. Amma lallen nan dai, birki ne kaɗai ya gan shi.