Ni na rubuta sunansa, shi kuwa yana mini addu'a

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana uku ke nan abinci ya ƙi shiga.

A farkon 1983 ina Gwandu, na gama makarantar horon malamai amma ba aiki, sai bin 'yan siyasa. Zaɓe na tafe, aka sanar a rediyo duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar, wai su suka tare mana ayyuka. Ciyaman ɗin jam'iyyarmu ya tara mu ya ce wanda ya kawo sunan baƙo, gurbin aikin baƙon nasa ne. Ni kuwa dama ina da abu a rai, domin kuwa haka Ghana ta taɓa koro mahaifina daga Kumasi, ya bar rumfar goronsa ya dawo da buhun tufafi.

Akwai Malam Idrisu, ɗan Ghana mai koyar da lissafi a firamarenmu, sahu ɗaya muke sallah, har mutane sun manta baƙo ne. Ni ban manta ba, na kai sunansa. Ranar tafiyarsa kunya ta sa na ɗaukar masa akwati zuwa tasha, matarsa da tsohon ciki. Ya riƙe hannuna ya ce, "Kai kaɗai ka rako ni, Allah ya ba ka aiki." Ranar Litinin na shiga ajinsa, rubutunsa na kan allo, ni na goge. Da aikin nan na yi aure, na ciyar da iyali har ritaya.

Shekaranjiya waccan wata mata ta yi sallama a gidana a Kalgo, ta zo taro a jami'a daga Ghana. Ashe ita ce cikin nan na matar Malam Idrisu. Ta ce a cunkoson kan iyaka aka haife ta, mahaifiyarta ta rasu ko ganinta ba ta yi ba. Babanta na kwance ba lafiya, ya ce kar ta dawo sai ta nemo mutumin kirkin nan na Gwandu. Ranar Juma'a za ta haɗa mu a waya.

Matata ta ce in ja bakina, kar in ɓata wa tsoho sauran kwanakinsa. Ƙanena har da faɗa, wai gwamnati ce ta kore shi ba ni ba. Amma wallahi gwamnati ba ta san sunansa ba sai da na rubuta.

Jama'a, in faɗa masa in nemi yafiya, ko in bar shi ya sake sa mini albarka in ce amin?