Gonar Fadama da Rantsuwar Dudunni

Kusada, 9 ga Yuni, 1957

Zuwa ga yayana Dawuda, a Kumasi.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Mu nan sai godiya. Inna ta sami sauƙin ƙafar, matata Rahamatu kuma ta sauka lafiya, an sami mace, an sa mata Sa'a.

Yaya, maganar gonarmu ta fadama ce. Ka san shekara uku ke nan da dagaci ya karɓe ta, tun da aka ɗaure ni saboda shiga jam'iyyarmu ta talakawa. A lokacin ban damu ba. Ni ne ma na tara mutum arba'in a Dudunni, muka yi alwala, kowa ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba zai bar jam'iyya ba sai an daina aikin tilas. Da hannuna na riƙe musu Littafin.

To, bana jam'iyya ta ce za ta bi zamani. An buɗe ofis a Kankiya, da tebur da hatimi, aka kawo sakatare, wani Malam Ummaru da ya yi makarantar midil. Ya ce dole shugaban reshe ya iya boko, ajamina ba ya shiga fayil, aka sauke ni. Maganar aikin tilas kuwa, wai a ajiye ta sai bayan zaɓe, kada a firgita masu sarauta. Na miƙe zan yi magana a taro, ya duba takarda ya ce ba a rubuta sunana cikin masu magana ba. Ni da na sha bulala goma sha biyu! Wallahi raina ya ɓaci.

Yanzu dagaci ya aiko, wai in na tsaya ƙofar masallaci ranar Juma'a na ce na fita daga jam'iyya, zai mayar mini da gonar. In ban yi ba zai ba wani, tun da ruwan shuka ya sauka. Na tambayi Modibbo, limaminmu, game da rantsuwar, ya ce kaffara ta isa, in ciyar da miskinai goma. Wannan ba wuya. Amma cikin arba'in ɗin nan shida sun rasa gonakinsu, kuma su ba a aika musu ba. Jiya ɗayansu, Bube, ya tako tun daga Dudunni, ko ruwa bai sha ba ya tambaye ni ko rantsuwarmu tana nan. Na ce masa tana nan.

Jam'iyyar ba ta bukatata, ni kuma ba ni da hanyar fita. Na san kafin takardar nan ta iso ka Juma'a ta wuce. Saboda haka ba shawara nake nema ba, gafara nake nema, don rabin gonar naka ne.

Ka gaishe mini da Adda Hawwa'u da Jamilatu. Inna tana sa maka albarka, ban faɗa mata ba tukuna.

Ni ne ƙanenka,
Labaran