Jaririn Tagulla a Ƙullun Kisra

Mai Wurno, ranar Lahadi

Zuwa ga maigidana Abu Rayan,

Bayan sallama, ya jikinka, ya zafin Bur Sudan? Rayan lafiya lau, kakata Habboba tana gaishe ka.

Saboda yaƙi mun baro Madani da Ammu Kantilal, Ba'indiyen nan mai kantin maganin da nake wa aiki. A Madani aka haife shi, Larabcinsa ya fi nawa. Ya bar kanti da gida, ya ɗauko gwangwanin shayi guda. Na zaci maganin sukarinsa ne a ciki. Ashe abin bautarsa ne, jaririn tagulla da bai kai tafin hannu ba. Lalji yake ce masa. Kullum da safe yana yi masa wanka, ya goge shi da tsamiya, ya sa masa riga, ya ba shi madara kafin shi ya karya.

Ɗansa ya kira daga Dubai, ya ce ya yar da shi, akwai irinsa dubu a kasuwa, ibadar ma ana kallonta a waya. Ammu ya tambaye shi ko shi ma ɗan nasa za a yar da shi, a sayo wani.

Tsorona ke nan: abin yana ƙyalli kamar zinariya, masu bindiga kuma zinariya suke bi gida gida. An riga an fara cewa Ba'indiye ya zo da dukiya. Wanda ya kashe mutum kan zobe ba zai saurari bayanina kan ƙarafa ba, duk da digirina na kimiyya. Na roƙi Ammu ya bar shi ya dushe. Ya ce ba a barin jariri da dauɗa. Habboba kuwa ko tabarmar da gwangwanin ya taɓa ba ta takawa.

Ka sa mu a addu'a.

Taka, Ibtisam

Mai Wurno, ranar Laraba

Abu Rayan,

Ina fatan kana lafiya. Muna raye, ka fara da wannan.

Jiya da hantsi masu bindiga suka shigo, su huɗu. Ammu yana tsakiyar wankan. Habboba ce ta miƙe, ta ce a'uzubillahi, ta fizge Lalji da hannun hagu, ta nutsa shi a tukunyar ƙullun kisra, gurasarmu ta dawa. Suka farke katifu, suka haƙa ƙarƙashin randa, suka ɗora wa Ammu bindiga a kunne. Rayan tana manne da zanena. Habboba ta ci gaba da yaɓa kisra daga tukunyar nan, har biyu cikinsu suka ci, suka yaba.

Da suka fita Ammu ya tsamo shi yana kuka. Na manta ƙullu mai tsami ne. Lalji bai taɓa ƙyalli irin na jiya ba.

Habboba ta wanke hannu sau bakwai, ta yi istigfari.

Sun ce za su dawo ranar Juma'a. Yau da safe na ga ta jiƙa dawa, ta sauya tukunya mai zurfi.

Ka huta lafiya.

Matarka, Ibtisam