Gambar da Baba Ya Dasa Miki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne saboda abin da na ji jiya ya hana ni cin tuwo. Na san ba za ki karanta ba, amma dangi za su karanta, kuma ina so su ji.

Muna zaune gindin dalbejiya a bakin ofishinmu a nan Kankia, wani malamin gona yake ba mu labari. Wai akwai ciyawar da garin bununinta ke da dafi. In iska ta kwashe shi ta zuba a kan bununin wata shuka, sai ya hana ta yin ido. Zangarniya ta fito tsaf, a murza, ba komai sai ƙaiƙayi. Ni da na fito shan iska, Inna, sai ga ni ina salati.

Kin tuna maiwar gonarmu ta Dudunni? Tun shekarar da aka kawo ki gidan, gefen gabas ya daina yin ido. Goggo, yayar Baba, ita ta fara cewa farar ƙafa gare ki, magana ta bi gari. Ranar shuka ba a bari ki taɓa iri. Ke ke kai fura gona, amma a bakin hanya kike ajiye ƙwaryar ki juya. Iyakar maganarki, "Allah na nan."

To ai a shekarar aurenku ne Baba ya dasa gamba a iyakar gabas, don ya riƙa saƙa zanar da ke kewaye ɗakinki! Da kika rasu ya ce ba ya son ganinta, aka tuge. Kaka ta zagayo, maiwa ta yi ido tun daga bakin iyaka. Mutane suka ce ai ga shi nan. Inna, ni ma na gyaɗa kai.

Na tambayi malamin ko gamba na cikin irin ciyawar nan. Ya ce ba zai rantse ba, sai an gwada. Duk shekarun nan ba wanda ya dubi ciyawa, kowa ƙafarki yake kallo.

Bana da hannuna zan sake dasa gamba a wurin. In gefen ya ƙi ido alhali kina kabari, Goggo zan fara kai wa zangarniyar, ta murza da kanta. Ko ma ya yi ido, gyaɗa kan da na yi ba shi da hujja. Ki yafe mini.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya kai ki gonar da ba mai tsayar da ke a bakin hanya.

Ɗanki na fari,
wanda kunya ta hana ki kiran sunansa.