Rabonka Daga Rigar Malam

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Ya Hajara da yara? Mu nan Sakkwato lafiya lau, ban da Inna, kwana uku ke nan ba ta cin abincin kirki.

Ƙaninmu Nura, da ka ɗaure wa gindi ya shiga tallar kayan sawa, yana tara hotunan da zai nuna wa masu ɗinki. Sai ya buɗe akwatin marigayi Malam ya ɗauko babbar rigar da yake zuwa Idi da ita. Wai ta yi masa yawa, ya kai wa tela a Sabon Gari aka rage ta daidai jikinsa, ya sa ta aka ɗauke shi hoto. Inna a wayar maƙwabciya ta ga hoton. Da ta tambaye shi, cewa ya yi, "Yaya Bello yac ce in sa abin da babu mai irinsa."

Ka san ba a raba gado ba. Na je wurin telan na kwaso guntayen. Ƙyallen da ke cikin ambulan ɗin nan shi ne rabonka.

Ka gai da Hajara. Ka sa Inna a addu'a, kai da Nura kuwa Allah Ya shirye ku.

Ƙanwarka,
Luba